Dara: wa ya rubuta ƙa'idodinta?

Yau tarihinmu na dara ne.

Kowa ya san yadda ake shata ta a rairayi: gurbi 30, layi biyar na gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da ɗiya 12, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku tun wurin dasawa ba. In an gama sai tafiya, gurbi guda gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka ɗauke ɗa guda na abokin karawarka. Har cikin magana ta shiga, shi ya sa in makirci ya koma kan mai shi ake cewa dara ta ci gida.

To amma gardama fa? In ɗiya huɗu sunka jeru, an ci ko ba a ci ba? Ana iya ɗauke ɗa daga cikin jerin ukun da mutum ya riga ya gina? Nan ne za ka ji wani ya ce "a garinmu ba haka ake yi ba". Alƙali dai shi ne tsohon da ke zaune gefe.

Waɗanda sunka fara sa irin waɗannan wasanni cikin littafi baƙi ne. A 1955 Charles Béart, Bafaranshen da ya shugabanci makarantar William Ponty ta Senegal, ya fitar da juzu'i biyu a Dakar kan wasannin Afirka ta Yamma. A 1960 wani likita a Ingila, R. C. Bell, ya sa dara cikin littafinsa na wasannin duniya, ya ce wasan Dakarkari ne, mutanen ƙasar Zuru a jihar Kebbi ta yau. Ku duba intanet, mafi yawan abin da za ku tarar kan dara wannan bayanin ne ake ta juyawa. Ba laifin Dakarkari ba ne, su ma ƴan dara ne, kamar yadda Zabarmawa ke yin tasu da sunan dili. Sai dai wanda anka rubuta tasa, ita duniya ke ɗauka ƙa'ida.

Ga misali daga nesa don mu ga aikin rubutu. A 1977 wani Ba'amurke, Marc Miller, ya fitar da wasa mai suna Traveller a kamfanin Game Designers' Workshop. Wasan ba shi da gurabu. Mutane ne ke zama su ƙaga labarin tafiya cikin taurari, wannan matuƙin kumbo, wancan ɗan kasuwa, ana jefa ƙwayoyi biyu irin na lido su yanke abin da zai faru. Duk ƙa'idodin cikin ƙananan littattafai uku masu baƙin bango suke. Wani abin dariya, mutumin da kake ƙagawa yana iya mutuwa tun kafin a fara wasan! Da masu wasa sunka nemi ƙari, sai anka biyo da Mercenary a 1978 kan sojan haya, da High Guard a 1979 kan jiragen yaƙi. Kamfanin ya rufe a 1996, amma a 2008 kamfanin Mongoose na Ingila ya sake fitar da wasan, don littattafan suna nan.

Wasan jiya-jiya ke nan in an gwada shi da dara, amma kowane gyaransa da shekararsa a rubuce. Tamu kuwa tana cikin kawunan dattawa, samari a fada sun koma karta da lido da salula.

Salular nan tana ɗaukar murya. Ƴan Matankari, ƴan Geceme, ƴan Kore Mai Ruwa, in akwai gwanin dara a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi hukuncin jeri huɗu a garinku, da sunan da ake kiran dabarar nan ta buɗe jeri a rufe ana ci a kai a kai, da kuma wurin wa ya koya.