Fim ɗin Sarauniya: labarin da ya ƙare a ƙasar Tasawa

Masu sauraro, da ku 'yan uwa da ke ci-rani, kowa ya ji sunan Sarauniya Mangu ta Lugu, can wajen Dogon Dutsi. Amma kaɗan ne suka san cewa fim ɗin da aka yi a kanta daga littafi aka ɗauko shi. Abdoulaye Mamani, ɗan Nijar, shi ya rubuta littafin da Faransanci, aka buga a Faransa a 1980. Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986.

Abin mamaki, labarin namu ne, amma ba a ɗauki fim ɗin a Nijar ba. An so a yi shi a nan, lamarin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Wadda ta fito a matsayin Sarauniya, Aï Keïta, ita ma 'yar can ce. Shi ya sa in ka kalla za ka ji yaren Jula a inda kunnenka ke jiran Hausa. A 1987 ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu.

To ina ruwan mutanen Attantane da wannan? Rundunar da Sarauniya ta yi wa tirjiya a Afrilun 1899, wato ta Voulet da Chanoine, ba a Lugu ta tsaya ba. Ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta yi gabas tana ƙone garuruwa har ƙasarmu. A Dankori ne Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya dakatar da shi, ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan nan sojojin da suke jagoranta suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari Voulet ya bi shi. A Maijirgi aka binne su, nan kan hanyar Damagaram.

Har yanzu ana ba da labarin cewa a 1923 wani kwamandan Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tona kaburburan, aka tarar ba kowa ciki.

Shi Mamani ya rasu a 1993 a hatsarin mota, Med Hondo kuma a 2019.