Daɓen Titi Mai Shanye Ruwan Sama

Shi dai wannan daɓe wani nau'i ne na shimfiɗar hanya da ake barin ƙananan ƙofofi a jikinsa, domin ruwan sama ya riƙa nutsewa ƙasa a daidai inda ya sauka. Kwalta da siminti da aka saba da su ba sa barin ruwa ya wuce, sai dai ya kwarara cikin lambatu ko ya faɗa gidajen jama'a.

Ana yin sa ne ta hanyar rage yashi ƙwarai a cikin kwaɓin siminti ko kwalta, sai tsakuwa ta manne da juna ta bar gurabe da suka kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Akwai kuma wanda ake jera tubalan intalok a cike tsakaninsu da 'yar tsakuwa. Amma babban aikin yana ƙarƙashi ne, inda ake shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa mai kauri da za ta riƙe ruwan kafin ƙasa ta shanye shi sannu a hankali. Idan ɗan kwangila ya cike wurin da jar ƙasa ya danne, to intalok ɗin ya zama ado kawai.

Dangane da zafi kuwa, ruwan da daɓen ya riƙe yakan fita a matsayin tururi, sai ya sanyaya titin kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan yana faruwa ne muddin akwai danshi, shi ya sa a wasu unguwannin birnin Tokyo na ƙasar Japan ake yayyafa wa irin wannan titi ruwa lokacin zafi. Busasshen daɓe ba ya kawo wani sauƙi a watan Afrilu.

Birnin Shikago na Amurka ya fara sa shi a lungunansa a shekarar 2006. Ƙasar Sin kuwa ta zaɓi birane 16 a 2015, ta ƙara 14 a 2016, a ƙarƙashin shirin da ta kira birane masu kama da soso. Duk da haka, a watan Yulin 2021 ruwa fiye da milimita 200 ya sauka cikin awa ɗaya a Zhengzhou, birnin da shi ma ya kashe kuɗi a irin wannan aiki, ambaliya ta halaka ɗaruruwan mutane. Saboda haka daɓen ba ya maye gurbin magudanar ruwa da kwalbati.

A arewacin Nijeriya ya fi dacewa da ƙasa mai rairayi. Ƙasar yumɓu da laka ba ta shan ruwa da sauri, sai an sa bututu a ƙarƙashi. Babbar matsala ita ce ƙurar hunturu da yashin da ruwa ke kwasowa daga hanyoyin da ba a daɓe ba, domin suna toshe ƙofofin. Wajibi ne a tanadi kuɗin shara da wanki tun a kasafin aikin, a kuma yi su kafin faɗuwar damina.

Ana shawartar ƙananan hukumomi da su fara da harabar makarantu, asibitoci, filin ajiye motoci da lungunan kasuwa. Ba ya jure manyan tireloli. Kada kuma a sa shi a garejin kanikawa, ko kusa da rijiya da masai, domin baƙin mai da ƙazanta za su iya bin ruwan su gurɓata ruwan sha.