Agustin na Hippo da Tambayar Asalin Mugunta

Cikin masanan falsafa da ikkilisiya ta haifa, kaɗan ne ɗaliban tauhidi suke ƙauna kamar Agustin. Babban dalili shi ne amsar da ya ba tambayar da kowane mai hidima zai gamu da ita: in Allah nagari ne, mai iko duka, daga ina mugunta ta fito?

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Yana ɗan shekara 19 a birnin Kartaj ya karanta Hortensius, littafin Sisero, ƙishin neman hikima kuwa ya kama shi. Wannan ƙishi ya kai shi wurin mabiyan Mani, wani malami da ya taso a daular Farisa a ƙarni na 3. Su suna koyar da cewa tun fil'azal akwai iko biyu masu gāba da juna, haske da duhu. Koyarwar ta yi masa daɗi, domin ta wanke Allah daga zargi, ta kuma wanke mutum: in ya yi zunubi, duhun da ke cikinsa ne ya aikata. Ya yi kimanin shekara tara tare da su.

A shekara ta 384 ya sami aikin koyar da fasahar magana a Milan, ta Italiya. Can ya saurari wa'azin Bishop Ambros, ya kuma karanta littattafan mabiyan Aflatun a fassarar Latin. Daga nan ya gane cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta. Dukan abin da Allah ya yi mai kyau ne, kamar yadda Farawa 1:31 ta nuna. Mugunta lalacewa ce ta abu mai kyau, yadda ciwo yake ga jiki. In rauni ya warke, ba ya ƙaura zuwa wani wuri, ƙarewa yake yi. To, wa ya kawo lalacewar? Agustin ya ce nufin halitta ne, sa'ad da ya juya wa Allah baya ya rungumi abin da bai kai shi ba. An yi masa baftisma a shekara ta 387, ya kuma bayyana wannan gwagwarmaya a kashi na bakwai na littafinsa Confessions.

Bai yi wannan tunani cikin kwanciyar hankali kaɗai ba. Yana bishop na Hippo aka washe birnin Roma a shekara ta 410, ya kuma rasu a 430 sa'ad da mayaƙan Bandal suka kewaye garinsa.

Akwai masu sukarsa. Suna cewa gwauruwar da aka kashe mijinta ba za ta ta'azantu da jin cewa mugunta rashin nagarta ce kawai ba. Gaskiya ne, wannan ba maganar gidan makoki ba ce. Amma tana da amfani wajen koyarwa. Mai bin da yake tsoron Shaiɗan kamar tsaran Allah ne ya koma ga koyarwar Mani bai sani ba. Haka kuma wanda yake ɗora wa Shaiɗan kowane laifinsa. Agustin ya rushe duka biyu: Allah ba shi da kishiya, mutum kuma shi ke da alhakin zaɓinsa. Ya kamata mai hidima ya duba wa'azinsa, ya ga ko jama'arsa suna fita sujada da wannan tabbaci.