Daga Rushi Zuwa Takardar Alminiyam: Tarihin Gasa Albasa da Abin Kiyayewa

Ya mai karatu, idan ka ɓare ɗan dunƙulen Maggi ka jefar da takardarsa mai ƙyalli, to ka jefar da abin da sarakunan Turai suka taɓa yin alfahari da shi. Wannan takarda ta alminiyam ce, ƙarfen da iyayenmu ke kira goran ruwa, irin wadda a yau ake naɗe kifi da kaza da albasa a ciki a ɗora a kan garwashi. Ya kamata ka san inda ta fito, domin tarihinta ne zai nuna maka inda amfaninta ya tsaya.

Albasa dai ta girme ta nesa ba kusa ba. Mutanen Masar sun noma ta tun zamanin Fir'aunoni, sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Manomin rani a fadamun Saulawa, Ikara, Makarfi da Kudan bai jira wata takarda ba kafin ya gasa albasa. Yakan tura ta cikin rushi da ɓawonta, ɓawon ya ƙone, cikin ya nuna a ruwan jikinsa, yajin ya mutu, zaƙin ya fito.

Shi kuwa alminiyam sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya fara ware shi. Tace shi na da wuya ƙwarai, har aka yi lokacin da ya fi zinariya tsada. A 1886 samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa gefen, suka gano hanyar tace shi da lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. A 1910 kamfanin Dr. Lauber, Neher & Cie a Suwizalan ya buɗe masana'antar murza shi har ya zama siriri kamar takarda. Kamfanin Tobler ya naɗe cakulan da ita a 1911, Maggi ya bi sahu a 1912. Ba ta zama kayan girki na gidaje ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Reynolds Wrap ya shiga kasuwar Amurka a 1947. Ka ga ke nan don naɗi aka ƙirƙire ta, gashi daga baya ya zo.

Amfaninta a fili yake. Tana tsare tururi, albasa ta yi laushi ba tare da mai ba, abin da ya dace da tsoho marar haƙora da mai jinya. Ta kuma fi tsohuwar jarida ko takardar siminti da wasu masu tsire ke naɗe nama da ita tsabta.

To amma zafi da tsami da gishiri suna sa ɗan ƙarfen ya narke cikin abinci. Tumatir, lemon tsami, tsamiya da yakuwa duk suna cin sa, haka ma kanwa. A 2011 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya sa iyakar miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin mutum a mako. Mai lafiyayyar ƙoda yana fitar da ɗan abin da ya shiga jininsa ta fitsari, don haka gashi jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne. Mai ciwon ƙoda ne ke bukatar kaffa-kaffa: tun shekarun 1970 likitoci suka gano cewa alminiyam na taruwa a ƙashi da ƙwaƙwalwar masu wankin ƙoda, ko da yake daga ruwan wankin da wasu magunguna ya fito.

Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne bayan an sauke gashi. Albasa da dankali a ƙasa suke girma, ƙasa kuwa tana ɗauke da irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wanda zafin gashi ba lallai ya kashe shi ba. Idan abinci ya kwana a naɗe, ga ɗumi, babu iska, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki dafi mai shanye jijiya. A 1983 mutum 28 suka kamu a garin Peoria na Amurka daga soyayyar albasa da aka bari da ɗumi a ƙarƙashin man girki. A 1994 mutum 30 suka kamu a El Paso daga dankalin da aka gasa aka bar shi cikin takardar. A ƙasarmu mai zafi, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan darasi namu ne.

Saboda haka, ka wanke albasa ka bar mata ɓawonta ya shiga tsakaninta da ƙarfen. Gishiri da yaji da lemo su jira sai an kwance. Da an sauke a warware takardar, a ci cikin awa biyu, ko awa ɗaya a lokacin bazara. Ragowa a juye a kwano a sa a firji, in babu, a gasa daidai ci. Kada a ɗiga ruwan gasasshiyar albasa a kunnen yaro, kada mai ciwon suga ya ɗora ta da zafi a ƙafarsa, domin yana iya ƙonewa bai ji ba.

Idan wani ya ci abincin da ya kwana a naɗe, bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta gagara, a garzaya da shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tun numfashi bai tsaya ba. Allah ya ƙara mana lafiya.