Kafin Ka Zuba Miliyoyi a Kayan Sauti: Daga Garmaho Zuwa Falon Tayil a Birnin Kano

A ce Allah ya hore maka, ka ware miliyoyin naira za ka sauya kayan sautin falonka, sabuwar amfilifaya da manyan sifikoki masu kai wa ƙirji. Kafin ka nufi shagunan Beirut Road, tsaya ka ji yadda sauti ya shigo gidajen cikin ganuwa. A kowane zamani akwai abin da ke lalata shi, kuma sau da yawa ba akwatin da aka kashe wa kuɗi ba ne.

Garmaho ne farko. Emile Berliner ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1887. Ba ya buƙatar lantarki: a wana shi da hannu, allura ta bi layin da ke jikin faifai, girgizarta ta fito ta ƙaho. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, fuska ɗaya ba ta wuce minti uku ko huɗu. Ka duba kuwa, makaɗin Hausa da kan yi rabin sa'a yana wasa gwaninsa, an ce ya taƙaita a minti uku! Sunan faifai ma daga na kaba da mata ke rufe ƙwarya aka aro shi.

A 1944, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano. An kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a irin su ƙofar fada, mai hali kuma ya biya kuɗin haya a ja masa waya zuwa akwati a gidansa. Babu zaɓen tasha, sai dai ka ƙara murya ko ka rage.

Shi kuwa sitiriyo, wato raba sauti hagu da dama don kunnuwa biyu su gane inda kowane kayan kiɗa yake, injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar tun 1931, amma sai 1958 fayafayansa suka cika kasuwa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Abin da ya kawo su gidajen ma'aikata a nan shi ne kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta amince da shi a ƙarshen 1974. Ariyas na fitowa aka yi ta kwasar rakoda da rediyo mai kaset, su National, Sanyo da Sharp. Mai rakoda mai sifika biyu ya zama abin kallo a dandali.

To amma me ake sa wa a ciki? Nan ne labarin Ƙofar Wambai ya shigo. Kasuwar ta zama cibiyar kwafar kaset, daga wa'azi da waƙoƙin Indiya har Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, daga baya kuma finafinan Hausa. Brian Larkin ya bi wannan harka a littafinsa Signal and Noise na 2008. Kaset ba kamar fayil ɗin kwamfuta ba ne. Duk kwafi ɗaya yana ƙara shuuu ɗin nan da kake ji a bayan waƙa, yana kuma cinye siraran sautuka. A kwafa daga kwafi, a sake kwafa daga wannan, ga zafi da ƙurar hunturu suna cin zaren. Mai rakoda mai tsada da mai araha duk kaset guda suke saya. Mai tsadar ma ya fi jin shuuu ɗin, tunda na'urarsa ba ta ɓoye komai.

Yau waya da intanet sun rage wannan matsala, sai ta koma wasu wurare biyu. Na ɗaya wuta ce. An yi kayan nan don lantarki mai kusan bolt 230, ba mai hawa da sauka ba, ba kuma na ƙaramin janareta mai tari ba. Wanda ya sayi amfilifayar miliyoyi bai tanadi sitabilaiza ko inbata ta kirki ba, ai ya san inda zai kai ta gyara.

Na biyu, wanda aka fi mantawa, ɗakin ne kansa. Tsohon ginin ƙasa irin na Gidan Makama yana da bango mai kauri da kaushi, ga tabarmi da darduma a ƙasa, duk suna shanye wani ɓangare na sauti. Falon yanzu kuwa siminti ne da tayil da gilashi, sauti na ta karo yana dawowa har kalmomi su cakuɗe. Akwai kuma lissafi. Sauti na tafiyar mita 340 da 'yan kai a sakan, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sautin da ke girgiza kusan sau 43 a sakan, wato can ƙasan bes. Zauna a jikin bango ka ji yana dukan ƙirji, koma tsakiyar ɗaki ka ji ya ɓace. Babu wayar sifika mai ruwan zinare da za ta gyara wannan. Kafet mai kauri da labule masu nauyi suna rage amsa-kuwwa, shi kuwa bes sai an matsar da sifika da kujera an gwada.

Batun wat ma mai shago ba zai gaya maka ba: ninka ƙarfi daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ruɓanya ƙarfin kusan sau goma. A unguwa irin Yakasai ko Mandawari kuwa, inda bangonka shi ne na maƙwabcinka kuma masallaci na bakin lungu, da wuya ka taɓa murɗa amfilifayar ta kai ko rubu'in abin da ka biya.