Bayan Fita Daga Sakandare: Yadda Darajar Takardar Shaida Ta Sauya a Ƙasar Daura

Tarihin ilimin boko a ƙasar Daura, wato masarautar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, yawanci akan ba da shi ne ta fuskar shekarun da aka buɗe makarantu da yawan yaran da aka ɗauka, alhali kuwa abin da ya fi bayyana tasirin makaranta a kan al'umma shi ne inda ɗalibi yake dosa bayan ya yi sallama da ita. Cikin kimanin shekaru saba'in, takardar shaidar kammala sakandare ta tashi daga matsayin abin da ke kai mai ita kai tsaye kan kujerar ofis, ta koma matakin farko kawai na doguwar tafiya, kuma a cikin wannan sauyi ne ake samun darussan da manyan da suka ratsa ta hanyar suke maimaita wa 'ya'yansu.

Kafin zuwan Turawa, iyakar da ake gane yaro ya gama zangon karatunsa na farko ita ce sauka, wato kammala karatun Alƙur'ani a makarantar allo, wadda akan yi wa walima a gayyaci dangi da maƙwabta. Wanda ya sauke yana iya zarcewa makarantar ilimi, inda ake zama a zauren malami ana karanta littattafan fiƙihu da nahawu, amma ko ya zarce ko bai zarce ba, ba a taɓa ɗaukar karatunsa a matsayin abin da zai raba shi da sana'a ba. Ɗan maƙeri yakan koma maƙera, ɗan majemi ya koma majema, kowa kuma yana da gonarsa idan damina ta faɗi. Hausawa suna kiran sana'ar da mutum ya tarar a gidansu da sunan gado, wadda ya koya daga waje kuwa shigege, kuma samuwar waɗannan kalmomi biyu shaida ce ta cewa al'ummar ba ta san baligi marar abin yi ba.

Bayan da Turawan mulkin mallaka suka naɗa Sarki Musa a kan gadon sarautar Daura a 1906, sai aka ɗora mulkin ƙasar a kan En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, mai kula da haraji da baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka. A zamanin ɗansa Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, wannan hukuma ta buƙaci mutanen da suka iya rubutun boko da lissafi, saboda haka yaron da ya yi fice a elementare yakan wuce Midil ta Katsina, wadda daga baya ta zama Sakandaren Lardi, 'yan ƙalilan kuma su kai ga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa ta yau. Da yake masu karatun ba su da yawa, aiki ne yake jiran ɗalibi tun bai fito ba, har kalmar malam, wadda a da ta keɓanta ga masanin addini, ta faɗaɗa ta haɗa da malamin haraji da malamin gona da malamin daji da malamin asibiti.

Wannan daraja ta ƙaru a shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a ayyukan gwamnati domin cike guraben da Turawa za su bari. Rayuwar wasu fitattun 'ya'yan Daura ta nuna yadda ƙofofi suka kasance a buɗe a wancan lokaci. Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a Daura a 1942, ya yi Sakandaren Lardi ta Katsina tare da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya kammala a 1961, ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, aka tura shi Ingila ƙarin horo, ya zama hafsa a 1963 yana da shekara ashirin. Mamman Daura ya yi aiki a En'en Daura bayan sakandare, kafin ya tafi karatu Dublin ya dawo ya zama editan jaridar New Nigerian. Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarautar Daura a 1966, ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Jihar Arewa yana Wamban Daura. Abin lura shi ne Buhari da Mamman Daura ba su tsaya a kan takardar sakandare kaɗai ba, kowannensu ya bi ta da wani horo na musamman, kuma wannan ɓangare na labarinsu ne aka fi mantawa da shi idan ana buga misali da su.

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur da kuma faɗaɗa makarantu fiye da duk abin da aka taɓa gani. An kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin waɗanda suka gama manyan makarantu, a 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya sa aka buƙaci malamai masu ɗimbin yawa har mai takardar koyarwa mai daraja ta biyu ya zama abin nema a kowane ƙauye. A wannan shekarar ce kuma aka rushe tsarin En'e aka maye gurbinsa da ƙananan hukumomi, sannan a 1978 aka kafa hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a. A wannan zamani ne tunanin cewa takarda ita ce aiki ya yi saiwa a zukatan iyaye, har ya kasance ana ganin bai dace ɗan sakandare ya riƙe fartanya ko ya zauna a maƙera ba, domin ai albashi yana tafe. Igiyar da ta daɗe tana ɗaure karatu da sana'a ta fara tsinkewa ne a daidai lokacin da ake ganin an sami ci gaba.

Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da matakan tsuke bakin aljihu da suka biyo baya har zuwa shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sun rage ɗaukar ma'aikata a lokacin da yaran da aka zuba a firamare a 1976 suke shirin fitowa daga sakandare. Tsarin karatu na 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu na shekara uku-uku da nufin koya wa yara aikin hannu a zangon farko, bai cika burinsa ba saboda ƙarancin malaman sana'a da rashin wutar lantarki a makarantu da dama. Ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya samar da wasu guraben aiki, amma ba su kai yawan masu nema ba. Daga nan aka fara ganin matashin da ya gama sakandare yana shafe shekaru yana sake zama jarrabawa domin cike darasin Turanci ko lissafi, yana wuni a majalisa, wato dandalin hirar samari a bakin titi, abin da jama'a suka laƙaba wa suna zaman kashe wando. Waɗanda suka tsira daga wannan hali galibi su ne waɗanda suka sauke girman kai suka shiga kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ko fataucin hatsi ta iyakar Kwangwalam zuwa Nijar, ko cin rani a Kano da Legas, ko kuma suka koma sana'ar gidansu suna amfani da lissafin da suka koya wajen tsare jarinsu. 'Yan mata kuwa, waɗanda da yawansu aure ne yake biyo bayan sakandare, an ga cewa wadda ta sami damar ƙarawa da horon koyarwa ko na aikin lafiya ita ce take zama ginshiƙin gidanta da unguwarta.

A 'yan shekarun nan hanyoyin ci gaba da karatu sun matso kusa da gida. Bayan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a Katsina a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011, garin Daura kansa yana da Kwalejin Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya, an kuma kafa masa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, shekarar da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a daidai lokacin da ake shirin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura. Waɗannan makarantu sun sauƙaƙa wa ɗan talaka wahalar tafiya da kuɗin masauki, sai dai amfaninsu zai dogara ne a kan ko wanda ya fito daga cikinsu ya iya wani abu da hannunsa da kansa, ko kuwa wata takardar ce kawai ya ƙara a kan ta farko.

Darasin da wannan tarihi yake bayarwa shi ne cewa darajar da takardar sakandare ta samu a zamanin En'e ta zo ne daga ƙarancin masu ita, kuma da ƙarancin ya gushe sai darajar ta bi shi, aka bar kowa da abin da ya iya a zahiri. Magabatan Daura da suke mayar da yaro maƙera ko gona washegarin saukarsa sun riga sun fahimci cewa karatu yana gyara hankali ne, sana'a kuma ita ke riƙe mutuncin mai shi a idon jama'a. Nauyin da ke kan iyaye da malamai da masarauta a yau shi ne su sake ƙulla wannan igiya, ta yadda yaron da zai bar sakandare a Zango ko Baure zai fita da sakamakon jarrabawarsa a hannu, yana kuma da sana'ar da zai ci abinci da ita tun kafin sunansa ya fito a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka.