Ta Ƙofar Harshe Muka Shiga

Buɗaɗɗiyar manhaja ta riga masu rubuta ta isowa Gwarzo da Kabo. A shekarun da aka tasa shan-inna a gaba, matasan da ke bin masu rigakafi ƙauye-ƙauye suna cike fom a waya, da yawansu da ODK suke aiki, manhajar da aka fara a Jami'ar Washington a 2008 aka bar kod ɗinta a fili. Ita kanta wayar Android ɗin a kan Linux take zaune, wanda Linus Torvalds ya saki a 1991. Amfani kawai muke yi. Ba mu san cewa mu ma muna da ikon sa hannu ba.

Tsarin kuwa gayya ce. Aikin yana ajiye a rumbu guda, galibi a GitHub da aka buɗe a 2008. Ka kwafo shi, ka gyara inda ka ga ɓaraka, ka tura wa masu kula da rumbun ka nemi su haɗa gyaranka da na jama'a. Su duba, su karɓa ko su dawo maka da shi.

Mun makara, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ga rashin wuta, ga tsadar data, ga kwamfuta ɗaya tsakanin abokai. Amma a ganina babban dalilin shi ne ba mu ga abin da ya shafe mu a waɗannan rumbuna ba. Yaron da ya koyi Python da daddare, me zai gyara wa injiniyoyin Amurka?

A 2019 al'amarin ya juya. A taron Deep Learning Indaba na Nairobi aka kafa Masakhane, haɗakar 'yan Afirka masu son kwamfuta ta iya harsunansu. Sun tanadi komai yadda ko ba ka da kwamfuta mai ƙarfi za ka ari ta Google kyauta ta intanet, ka horar da na'urar fassara da harshenka, ka tura sakamakon rumbunsu. A nan Bahaushe ya tarar da aikin da babu wanda ya fi shi iyawa. A 2021 Hausa ta shiga MasakhaNER cikin harsuna 10, ta kuma shiga rumbun muryoyi na Common Voice na Mozilla. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, da abokan aikinsa irin su Idris Abdulmumin da Ibrahim Sa'id Ahmad, suka fitar da NaijaSenti: saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin Buroka, an tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Shekara guda bayan nan AfriSenti ta faɗaɗa aikin zuwa harsuna 14. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, duk motar da ta taso daga garinmu zuwa birni sai ta wuce ƙofarsa, don haka labarin bai daɗe ba ya iso mu ta bakin ɗalibai.

Gyaran da aka fi buƙata daga gare mu ƙanana ne, amma masu nauyi. Sau da yawa mai rubuta kod na tsaftace rubutu yakan umarci kwamfuta ta zubar da duk harafin da babu shi a Turanci. Sai "ƙasa" ta koma "asa", "ɗalibi" ya koma "alibi", "'ya'ya" kuma a raba ta biyu saboda an ɗauki alamar da ke cikinta ta zance ce. Na zauna da wani ƙanena a shagon mai cajin waya yana bin irin wannan matsala layi-layi. Gyaran bai kai layi goma ba. Mai kula da rumbun ya amsa da ladabi cewa a haɗo da gwajin da zai tabbatar kuskuren ba zai dawo ba. Yaron ya ɗauka kora ce. Sai da na zaunar da shi na nuna masa haka ake yi wa kowa, ya rubuta gwajin da kalmomin bakinsa, aka haɗa.

Akwai abin da ba na so. Kowane Oktoba wasu kan fito neman kyautar shirin Hacktoberfest da gyaran waƙafi da aya. A 2020 irin wannan tarkace daga ko'ina a duniya ya yi yawa har masu shirin suka sauya ƙa'ida. Suna a takardar neman aiki halak ne, amma a same shi da gumi.

Abin da ya fi damuna shi ne har yau mun fi yawa a tattara bayanai da fassara, mun yi ƙaranci a cikin masu riƙe da makullin rumbu. Duba aikin wani yana cin dare, babu ko sisi, kuma mai neman na abinci ba ya jure shi shi kaɗai. Yanzu da Kabo ta sami babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya, ina fata malamanta su riƙa ba ɗalibai aikin da za a tura rumbun gaske, su kuma sa kowane ɗalibi ya duba na ɗan'uwansa kafin a ba shi maki.